Amsa: Me ya sa masu HIV ke tsallake asibitin unguwa?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa ƙanwarki ke biyan kuɗin mota zuwa wani gari karɓar magani alhali ga asibiti a bakin layinku, kuma maganin kyauta ne. Wallahi tsoron idon sani ne. A ƙaramin asibiti mai ba da kati ɗan maƙwabcinku ne, nas ɗin kun haɗu gidan biki, sannan sai a ware musu rana guda da benci guda a bayan gini, ko folda mai launi daban, duk wanda ya wuce ya gane. Na taɓa raka wata, ta ja hijabi har hanci, ma'aikaciyar ta saka safar hannu biyu don gwajin hawan jini kawai, tun daga ranar ba ta koma ba.

Kar ki matsa mata, muhimmin abu kar ta yi fashin shan magani. Ta roƙi a ba ta na wata uku ko shida lokaci guda, ana yi in gwajin jininta ya nuna ƙwayar cutar ta kwanta. Kuma tun 2014 akwai doka a Najeriya da ta hana tsangwama da tona asirin mai cutar, in an yi mata ku kai ƙara wurin shugaban asibitin.