Ya ce zai kai ɗana Amurka kamar yadda aka kai Hakeem Olajuwon, in sayar da filina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Koci. Ɗana na biyu shekararsa 17, tsayinsa ƙafa shida da inci takwas, yana buga ƙwallon kwando a ƙungiyar makarantarsu a Kaduna. Wani mutum da ke yawan zuwa filin da suke atisaye ya biyo ni har gida, ya ce yana da hanyar kai shi jami'a a Amurka. Wai haka wani koci mai suna Guy Lewis ya ɗauki Hakeem Olajuwon daga Legas bai taɓa ganin wasansa ba, tsayinsa kawai aka faɗa masa, ya mayar da shi attajiri. Yana neman kuɗin buɗe fayil da na biza, ya kuma ce a rage wa yaron shekara biyu a takarda. Kuɗin ba za su haɗu ba sai na sayar da filina. Maƙwabcina kuma ya ce wannan Guy Lewis ko kofi ɗaya bai taɓa ci ba. Wallahi barci ya gagare ni. Wane ne mutumin, kuma me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Filin nan ka bar shi a inda yake, takardar haihuwar yaron ma kada hannun kowa ya taɓa ta. Na fara da wannan ne don ko da aikinka bai bar ka ka karanta sauran ba, ka tafi da shi.

Maƙwabcinka ya faɗi gaskiya a kan kofi. Guy Lewis ya horar da ƙungiyar maza ta Jami'ar Houston a jihar Texas shekara 30, daga 1956 zuwa 1986, bai ɗaga kofin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ko sau ɗaya ba. Amma ya ci wasa 592, aka doke shi a 279, ya kai ƙungiyarsa zagayen 'yan huɗun ƙarshe har sau biyar: 1967, 1968, sai 1982, 1983 da 1984 a jere. Gasar nan sili ɗaya ƙwale ce, dare ɗaya hannun yaranka ya yi sanyi shi ke nan, sai baɗi. A shekarun 1960 kuma ya faɗo zamanin John Wooden, kocin jami'ar UCLA ta Los Angeles, mutumin da ya kwashe kofi 10 tsakanin 1964 da 1975, ya bar sauran kociyoyi da kallo.

Duk da haka Lewis ne ya kayar da wannan UCLA ɗin a ranar 20 ga Janairu 1968, a babban filin Astrodome, gaban mutum 52,693. Houston 71, UCLA 69. Elvin Hayes shi kaɗai ya zuba maki 39, a gabansa kuwa Lew Alcindor ne, wanda duniya ta sani daga baya da Kareem Abdul-Jabbar. A daren aka yanke wa UCLA jerin nasara 47. UCLA ta rama a watan Maris da 101 da 69, ba zan ɓoye maka ba. Shi Hayes ɗin nan, tare da Don Chaney, su ne baƙaƙen fata na farko da suka sa rigar ƙungiyar Houston, Lewis ya ɗauko su a 1964 lokacin da yawancin jami'o'in kudancin Amurka ba su yarda da hakan ba. A wurina wannan ya fi kofi nauyi.

Wasan ƙarshe na 1983 ne ya fi wa Lewis ciwo. Yana da Hakeem, yana da Clyde Drexler, ƙungiyar da ake wa kirari Phi Slama Jama saboda yadda suke danna ƙwallo cikin raga daga sama. Kowa ya ba su kofin tun kafin a fara. A daƙiƙar ƙarshe ɗan wasan North Carolina State ya yi jifa daga nesa, ƙwallo ba ta kai ba, Lorenzo Charles ya cafke ta a iska ya danna, aka tashi 54 da 52. A shekarar da ta biyo Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. Rashin kofin nan ya sa aka daɗe ana cewa sa'ar samun 'yan wasa kawai yake da ita, ba a saka shi a zauren girmama gwarazan ƙwallon kwando na Naismith ba sai 2013, yana da shekara 91. Ya rasu a Nuwamba 2015. Masu wannan maganar sun manta cewa Hayes da Drexler da Hakeem duk a hannunsa aka gyara su, kuma su ukun da bakinsu suka riƙa yi masa fafutukar shiga zauren.

Yanzu ga abin da ke ɓata mini rai, domin kusan kowane mako sai wani uba ya zo mini da shi. Labarin Hakeem ya zama jarin 'yan damfara. Suna ɗaukar kansa da jelarsa, yaro dogo daga Legas da attajirin NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, su yar da tsakiyar, alhali a tsakiyar ne maganar take.

Hakeem bai je wa Lewis da tsayi kaɗai ba. Mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa tun yana ƙarami, ya kuma buga ƙwallon hannu, daga nan ƙafarsa ta samu saurin da ya rikita manyan NBA shekara da shekaru. Yana ɗan shekara 15 ya fara ƙwallon kwando, kuma a Sakkwato ya fara bugawa a gasa, a wani bikin wasannin makarantun horar da malamai inda ya je da sunan ɗan ƙwallon hannu. Kafin ya bar ƙasar nan wani koci Ba'amurke da Lewis ya sani ya gan shi yana wasa da idonsa, shi ya yi wa Lewis maganarsa. Abin da Houston ta ba shi a 1980 gayyatar gwaji ce kawai. Ya sauka a filin jirgi babu wanda ya zo tarbarsa, ya buga waya aka ce ya hau tasi ya zo. Kakar farko gaba ɗaya bai buga wasa ko ɗaya ba, domin NCAA ba ta wanke takardunsa ba. Kaka ta biyu daga benci yake shigowa, maki takwas da ɗoriya a wasa. Sai da ya shafe hutun bazara yana shan gwiwa da kafaɗar Moses Malone, gwarzon NBA na lokacin, a wani ɗakin wasa na unguwa mai suna Fonde, sannan ya dawo ya zama wanda aka zaɓa ɗan wasa mafi fice a gasar 1983 duk da ƙungiyarsa ta faɗi, ya zama na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA na 1984, gaban Michael Jordan da aka ɗauka na uku. A duk wannan tafiyar babu inda aka ce ubansa ya biya Lewis ko kwabo don a buɗe fayil.

Koci a jami'ar Amurka ba ya karɓar kuɗi daga ɗan wasa. Jami'a ce ke kashe kuɗi a kan yaron da take so, kuma guraben ƙalilan ne: shekaru da yawa dokar NCAA ta tsayar da tallafin karatu 13 ga kowace ƙungiyar maza a rukuni na ɗaya, wato na manyan jami'o'i. Koci da aikinsa ya rataya a kan waɗannan guraben, wanda in ya faɗi kaka biyu a jere za a iya sallamarsa, shi ne zai ba da gurbi ɗaya don wani da ke yawo a gefen fili a Kaduna ya karɓi kuɗin fili? Kuma 1980 ta wuce. Yau ba a ɗaukar yaro da labari. Bidiyon cikakken wasa suke nema, daga farko har ƙarshe, su ga yadda yake komawa tsaro idan an ƙwace ƙwallo, yadda yake tsayawa idan ya gaji, ba guntun minti ɗaya da aka haɗa da kiɗa ba. Ƙafa shida da inci takwas a unguwarku abin kallo ne, a rukuni na ɗaya kuwa kowace ƙungiya tana da irinsa uku ko huɗu, wasu a benci suke dumama kujera.

Na ga ƙarshen irin wannan da idona. Wani yaro da na taɓa horarwa, babansa ya sayar da shanu aka tura shi wata makarantar share fage da ba ta da ko aji na kirki, su da yawa a gida ɗaya, ana yawo da su gasa zuwa gasa. Da ya ji rauni a gwiwa wayar ejan ɗin ta daina shiga. Ya dawo ba takardar karatu, ba ƙwallo, shekarun da ya kamata ya yi a jami'a a nan gida sun tafi. Har yau idan muka haɗu da baban sai ya sunkuyar da kai, kamar shi ne ya yi laifin.

Maganar rage shekaru kuwa, Alhaji, ita ce ta nuna mini ko wane ne wannan mutumin. Ranar haihuwar ɗanka tana kan rajistar WAEC ko NECO, tana kan lambar NIN, za ta hau fasfo. Cibiyar tantance 'yan wasa ta NCAA tana karɓar sakamakon makaranta tana dubawa, domin dokokinsu suna ƙirga lokaci ne daga shekarar da yaro ya gama sakandare. Takarda ɗaya ta saɓa wa 'yar'uwarta, an rufe fayil. Wanda ya fi wannan muni, ƙarya a neman biza a dokar Amurka tana iya hana mutum shiga ƙasar har ƙarshen rayuwarsa. Ranar da asiri ya tonu, sunan ɗanka ne a kan takardar, mai shawarar yana can wani fili yana neman wani uban. Yaro ɗan shekara 17 ma me za a rage masa? Shekarun da kociyoyi ke nema ke nan daidai. Sannan ka tuna kai ne za ka zaunar da ɗanka ka koya masa ranar haihuwar ƙarya ya haddace, ya maimaita ta gaban jami'i. Tarbiyyar shekara 17 ce za ka rushe da hannunka a kan abin da Allah bai nuna maka ƙarshensa ba, kuma za a tambaye ka amanarsa.

Hanyar gaskiya sananniya ce, sai dai tana da jinkiri da tarin takardu, ni ma suna gajiyar da ni. Yaro ya yi rajista da kansa a shafin cibiyar tantancewar NCAA, ya riƙe karatunsa da kyau musamman Turanci da lissafi da kimiyya. Idan jami'a ta ɗauke shi, ita ce za ta aiko da takardar I-20 da sunansa, da ita ake neman bizar ɗalibi ta F-1, yaron ya je hira da ƙafarsa a ofishin jakadanci a Abuja ko Legas. Babu mahalukin da zai iya yi maka alkawarin biza. Inda ake ganin yara kuwa sananne ne: sansanonin Giants of Africa na Masai Ujiri, wanda a Zariya ya tashi ya koyi wasan, da sansanin Basketball Without Borders na NBA da FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, da makarantar NBA da ke Saly a Senegal. Zaɓa suke yi da cancanta. Kafin can, ya nemi shiga ƙungiyar jiha, ya buga gasa ta gaske da waɗanda suka fi shi ƙarfi, a samu mai ɗaukar wasannin a waya daga sama, ba tare da yankewa ba.

Idan mutumin ya dawo, kada ka yi masa faɗa, ka ba shi ruwa ya sha. Ka ce ya rubuta maka sunan jami'ar da sunan kocin. Ka sa yaron ya buɗe shafin jami'ar, sunayen masu horarwa da adireshin imel ɗinsu suna nan a fili, ku rubuta wa kocin kai tsaye ku tambaye shi ko ya san wannan mutumin, ko ya taɓa jin sunan ɗanka. Ka gaya masa a gabansa cewa haka za ku yi, kuma ba za ka fitar da ko naira ɗaya ba sai amsa ta zo daga adireshin jami'ar. Ka sanar da shugaban makarantar yaron da kocinsu cewa akwai mai bin iyaye gida daga filinsu, domin ba kai kaɗai ya samu ba. Bidiyon wasan yaron kuma ka turo mini, in duba ƙafarsa in faɗa maka abin da na gani.