Wanda Bai Jima Da Musulunta Ba, Da Me Za A Fara Koya Masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Kaduna. Wani saurayi da yake koyon ɗinki a shagona, wanda iyayensa Kiristoci ne, ya karɓi Musulunci kwanan nan a hannun limamin unguwarmu. Tun daga ranar kowa ya zama malaminsa: wannan ya ce sai ya canza suna, wancan ya ce ya ɗage wando, wani kuma yana ja masa kunne a kan kama hannu ko sakinsa a cikin sallah. Yaron ya rikice, ni kuma karatuna bai yi nisa ba. Mene ne ainihin abin da Musulmi yake imani da shi da abin da yake aikatawa, kuma da wanne ya kamata in fara koya masa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, Ya tabbatar da shi da mu baki ɗaya a kan addininSa.

Abubuwa biyun da ka tambaya, wato mene ne addinin da kuma da me za a fara, duka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya amsa su da kansa, don haka ba sai mun jingina da ra'ayin kowa ba. Amsar ta farko tana cikin hadisin da aka fi sani da Hadisin Jibrilu, wanda Imamu Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda. Umar ya ce wata rana suna zaune tare da Annabi sai ga wani mutum mai fararen tufafi tas da baƙin gashi wuluk, babu alamar tafiya a jikinsa, kuma babu wanda ya san shi a cikinsu. Mutumin ya zauna ya haɗa gwiwoyinsa da na Annabi, ya tambaye shi game da Musulunci, da imani, da ihsani, da kuma tashin alƙiyama. Bayan ya tafi ne Annabi ya bayyana cewa Mala'ika Jibrilu ne ya zo yana koya musu addininsu.

Da aka tambaye shi imani, Annabi ya ce shi ne mutum ya yi imani da Allah, da mala'ikunSa, da littattafanSa, da manzanninSa, da ranar lahira, da kuma ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Waɗannan shida ba nauyinsu ɗaya ba, domin na farkon shi ne tushen sauran. Abin da za ka tsaya a kansa da yaron nan, ka maimaita masa har ya zauna a zuciyarsa, shi ne cewa Allah ɗaya ne, Shi ya halicci komai, Shi yake azurtawa, Shi yake rayawa Yake kashewa, kuma babu wanda ya cancanci a bauta masa ko a roƙe shi irin roƙon da ake yi wa Ubangiji sai Shi kaɗai. Suratul Ikhlas, wadda ayoyinta huɗu ne kacal, ta tattara wannan ma'ana: Allah Makaɗaici ne, kowa yana bukatarSa alhali Shi ba Ya bukatar kowa, bai haifa ba kuma ba a haife Shi ba, kuma babu wanda ya yi daidai da Shi. Ka koya masa surar tare da ma'anarta da harshen da ya fi ji. Haddar da ba a san ma'anarta ba tana da lada, amma ba ita ce za ta tsayar da zuciyar sabon Musulmi ba a ranar da 'yan uwansa suka zaunar da shi suna yi masa tambayoyi.

Tun da daga gidan Kiristoci ya fito, batun manzanni yana bukatar ka yi masa bayani a tsanake. Mutane da yawa masu irin asalinsa suna zaton shiga Musulunci yana nufin juya wa Annabi Isa baya, alhali kuwa duk wanda ya ƙaryata Annabi Isa, alaihis salam, ba Musulmi ba ne. Alƙur'ani ya ambaci annabawa 25 da sunayensu, daga Annabi Adamu, zuwa Nuhu, Ibrahim, Musa, Dawuda, Isa, har zuwa cikamakinsu Annabi Muhammadu, kuma ƙarshen Suratul Baƙara ya koya mana cewa ba ma bambantawa a tsakaninsu wajen yin imani da su. Musulmi ya yarda cewa Nana Maryamu ta haifi Annabi Isa ba tare da uba ba, ya yi magana yana cikin tsumman goyo, ya warkar da makaho da kuturu, ya rayar da matattu da izinin Allah. Inda hanya ta rabu shi ne cewa a wurin Musulmi Isa bawan Allah ne kuma manzonSa, ba Allah ba ne, ba kuma ɗan Allah ba ne. Haka nan littattafai: Attaura ta Annabi Musa, Zabura ta Annabi Dawuda, da Linjila ta Annabi Isa duka daga Allah suka sauka, sai dai Alƙur'ani shi ne na ƙarshe, kuma da shi ake aiki.

Game da mala'iku, ya ishe shi a yanzu ya san cewa bayin Allah ne da aka halitta daga haske, ba sa saɓa wa umarninSa, kuma a cikinsu akwai Jibrilu mai kawo wahayi da masu rubuta ayyukan ɗan Adam. Ranar lahira kuwa ya san cewa akwai tambayar kabari, da tashi bayan mutuwa, da hisabi, da Aljanna da Wuta.

Ƙaddara ce wurin da ko waɗanda aka haifa cikin Musulunci suke yawan zamewa. Ma'anarta ita ce Allah Ya san duk abin da zai faru, Ya rubuta shi, kuma babu abin da yake aukuwa sai da nufinSa. Amma wannan bai ɗauke wa mutum zaɓi ko alhakin aikinsa ba. Da sahabbai suka tambayi Annabi ko su dogara da abin da aka riga aka rubuta su bar aiki, ya ce musu su yi aiki, domin kowa ana sauƙaƙe masa hanyar abin da aka halicce shi dominsa. Kuma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya juya da mutanensa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Saboda haka wanda ya ƙi zuwa asibiti ko ya ƙi neman na kansa yana cewa ƙaddara ce, bai fahimci wannan rukuni ba.

Wannan duka aikin zuciya ne. Na zahiri kuwa shi ne abin da Annabi ya lissafa da aka tambaye shi Musulunci: shaidawa cewa babu abin bautawa da gaskiya sai Allah kuma Muhammadu Manzon Allah ne, da tsayar da sallah, da ba da zakka, da azumin watan Ramadan, da ziyartar Ɗakin Allah ga wanda ya sami iko. Ihsani kuma shi ne mutum ya bauta wa Allah kamar yana ganinSa, in ma bai ganinSa to ya san cewa Shi yana ganinsa. Matakai ne da ake hawa, kuma aya ta 14 a Suratul Hujurat ta nuna haka, inda aka gaya wa wasu Larabawan ƙauye da suka ce sun yi imani cewa su dai ce sun musulunta, domin imani bai riga ya shiga zukatansu ba. Ba a kore su daga addini ba saboda haka. An nuna musu inda suke ne da inda ake so su kai.

Sai tambayarka ta biyu. Lokacin da Annabi ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, a ƙarshe-ƙarshen rayuwarsa, ya gaya masa cewa zai je wa mutane ne ma'abota littafi, don haka farkon abin da zai kira su gare shi shi ne kalmar shahada. Idan sun amsa masa wannan, sai ya sanar da su cewa Allah Ya wajabta musu salloli biyar a dare da yini. Idan sun amsa wannan, sai ya sanar da su zakka, wadda ake karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Bukhari da Muslim duka sun ruwaito wannan daga Ibnu Abbas, kuma abin lura shi ne an yi wannan aike ne bayan hukunce-hukunce sun riga sun sauka, amma duk da haka Annabi bai ce a zuba musu komai a lokaci guda ba. Saukar addinin kansa ma haka ta kasance. An shafe shekara 13 a Makka ana gina tauhidi. Salloli biyar an farlanta su a daren Isra'i da Mi'iraji kafin hijira. Azumin Ramadan sai a shekara ta 2 bayan hijira. Shi kuwa Annabi bai yi hajjinsa ba sai a shekara ta 10. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ce farkon abin da ya sauka surori ne masu ambaton Aljanna da Wuta, sai da mutane suka karkata zuwa Musulunci sannan halal da haram suka sauka, kuma da a ce hana shan giya ne ya fara sauka, da sun ce ba za su taɓa barinta ba. Kai ma a sana'arka ba ka miƙa wa ɗan koyo shadda ya yanka babbar riga a ranar da ya fara taka keke.

Wannan ba ya nufin haram ta zama halal ga sabon Musulmi. Giya da naman alade da zina haramun ne a kansa kamar yadda suke a kan kowa, kuma a gaya masa haka a fili. Abin da ake nufi shi ne tsarin koyarwa, da kuma haƙuri da shi idan ya yi tuntuɓe.

A aikace, idan bai riga ya yi wankan shiga Musulunci ba sai ya yi, sannan ka koya masa tsarki da alwala, ka riƙa tafiya da shi masallaci. Sallolin farilla raka'a 17 ne a yini: Asuba 2, Azahar 4, La'asar 4, Magariba 3, Isha'i 4. Kada ya jinkirta sallah wai sai ya haddace Fatiha. Ya bi liman, kuma idan shi kaɗai ne, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya koya wa wani mutum da ya kasa riƙe komai na Alƙur'ani ya riƙa yin tasbihi, da hamdala, da hailala, da kabbara, da "la haula wa la ƙuwwata illa billah" a madadinsa. Wannan sauƙi ne na ɗan lokaci kafin Fatiha ta zauna, kuma ayoyinta bakwai ne, ba za su gagare shi ba. Azumi zai koya idan Ramadan ya gabato. Zakka da hajji kuwa ya ishe shi ya san wajibcinsu, domin zakkar kuɗi ba ta hawa kan mutum sai ya mallaki nisabi, kimanin giram 85 na zinariya ko giram 595 na azurfa ko ƙimarsu, kuma shekara ta zagayo a kansa, sannan ya fitar da kashi 2.5 cikin 100. Hajji kuma sau ɗaya ne a rayuwa ga mai hali. Tsarin karatun zaure na ƙasar Hausa ma a kan wannan hanya aka gina shi, domin littafin Ahalari da ake farawa da shi ya buɗe ne da cewa farkon abin da ya wajaba a kan baligi shi ne gyara imaninsa, sannan sanin abin da zai gyara farillansa na tsarki da sallah da azumi.

Su kuma masu yi masa rubdugun nasiha, ina kyautata zaton alheri suke nufi, amma a ganina ɓarnarsu ta fi gyaransu yawa. Kabalu da sadalu, wato kama hannu da sakinsa a sallah, saɓani ne na malamai da aka gada tun da daɗewa, kuma sallar wanda ya kama hannu da ta wanda ya saki duka ingantattu ne. Bai dace a ce wanda bai gama koyon tahiya ba shi ake ja ya shiga wani ɓangare ba. Ka zaɓar masa malami ɗaya mai haƙuri, ka roƙi sauran su sarara masa. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Mu'awiya ɗan Hakam, wanda ya yi magana a cikin sallah yana sabon shiga Musulunci, mutane suka yi ta hararsa, amma da aka idar Annabi bai tsawata masa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba, sai dai ya bayyana masa cewa maganar mutane ba ta dace da sallah ba.

Canza suna ba sharaɗi ba ne. Sahabbai irin su Bilal da Suhaibu sun ci gaba da amsa sunayensu, kuma Annabi ya canza ne sunayen da ma'anarsu take da shirka ko muni. Idan sunan yaron bai ƙunshi haka ba, zaɓi nasa ne, kuma ko ya canza nasa, ba ya halatta ya daina jingina kansa ga mahaifinsa. Ka kuma ja hankalinsa kada ya yanke zumunci da iyayensa. Aya ta 15 a Suratu Luƙman ta ce kada a yi wa iyaye biyayya idan sun matsa a yi shirka, amma a zauna da su a duniya da kyautatawa, kuma da Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta da ta zo mata alhali ba ta musulunta ba, ya umarce ta ta sada zumunci da ita. Idan kuma ta kai ga danginsa sun janye masa tallafi saboda addininsa, ka sanar da limaminku da masu hali na unguwa, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta sanya waɗanda ake lallashin zukatansu cikin kaso takwas na masu karɓar zakka, kuma malamai sun lissafa sabon shiga Musulunci a cikinsu.