Tambayi Likita: Ledar auna jini, maganin sikila da gishirin masu hawan jini

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata suna tambaya ne kan sababbin binciken lafiya da ake ji a rediyo. Mun zaɓi biyar, likitocin shafin nan kuma suka raba su a tsakaninsu, kowa da fanninsa.

TAMBAYA: Ni ungozoma ce a wani asibitin karkara a jihar Zamfara. An kawo mana wata leda mai layuka wai a riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa don auna jini. Na daɗe ina karɓar haihuwa, idona ya san jinin da ya yi yawa. Me ledar za ta ƙara mini?

AMSA: Malama, ba mu raina ƙwarewarki ba, amma a wannan wuri ido yana yaudarar kowa, har manyan likitoci. Jini yana shiga zani, katifa ta tsotse wani, wani ya gangara ƙasa ya haɗu da ruwan faya. Kafin a ce "ya yi yawa" sau da dama mace ta riga ta zubar da abin da ya fi lita.

An gwada ledar ne a binciken E-MOTIVE da aka bayyana sakamakonsa a watan Mayun 2023. An yi shi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. A asibitocin da suka ci gaba da kintata jini da ido, an gano kusan rabin masu zubar jini ne kawai. Inda aka sa ledar, an gano kashi 93 cikin 100. Zubar jini mai tsanani, da tiyata ko mutuwa saboda ita, sun sauko daga kashi 4.3 zuwa kashi 1.6 cikin 100.

Ga yadda ake aiki da ita. Da zarar jariri ya fito, kafin mabiyiya ta faɗo, ki zura ledar ƙarƙashin ɗuwawun mai jegon, ki ɗaure igiyar a ƙugunta, ki bar aljihun mai layukan ya rataya a bakin gado. Idan kika sa ta tun kafin jariri ya fito, ruwan faya zai cika ta ya ɓata lissafi. Ki riƙa duba layin duk bayan minti 15 har awa ɗaya, kina taɓa mahaifa, kina auna bugun jini da hawansa. Jini ya kai layin mililita 500, an shiga zubar jini, ko da matar tana hira tana dariya. Ya kai 300 kuma bugun zuciyarta ya haura 100 a minti, ko jininta ya faɗi, ko mahaifa ta yi laushi, nan ma a fara magani.

Abin da ya fi ledar kanta muhimmanci shi ne a yi magungunan gaba ɗaya cikin minti 15. Tsohuwar al'ada ita ce a gwada abu ɗaya, a jira, in bai yi ba a gwada na gaba, kuma a cikin wannan jiran ake rasa mata. Yanzu mutum ɗaya yana murza mahaifa ta kan mara har ta yi tauri kamar ƙwallo, wani yana ba da oxytocin, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, yunit 10, a sa ƙarin ruwa da allura mai faɗin baki, a ba da tranexamic acid, maganin tsayar da zubar jini, giram 1 ta jijiya a hankali cikin minti 10, sannan a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya. A zubar mata da fitsari da roba, don cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa. In jini bai tsaya ba bayan minti 30 ana maimaita tranexamic acid, ana kuma shirin tura ta babban asibiti tun ba a makara ba.

Kurakurai uku muke yawan gani. Na farko, oxytocin da aka ajiye a kan tebur cikin zafin bazara: wurinsa firiji ne, ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, in ya sha zafi ƙarfinsa yana raguwa, a yi allurar a ga kamar ruwa aka zuba. Na biyu, jinkirta tranexamic acid. Binciken WOMAN na 2017 a kan mata kusan 20,000 ya nuna yana rage mutuwa saboda zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da shi cikin awa 3 da haihuwa, bayan nan amfaninsa ya wuce. Na uku ya shafi ɗakin tiyata: kwalbar tranexamic acid tana kama da ta allurar kashe zafi da ake yi a gadon baya, kuma idan aka yi kuskuren zura shi a can yana kisa. A raba musu wurin ajiya.

TAMBAYA: Ɗiyata mai shekara bakwai tana da sikila. An yi mata wani awo a kai, likita ya ce tana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ya rubuta mata hydroxyurea. Wani mai kemis ya ce mini maganin kansa ne. Shin ba zai cutar da ita ba? Na kuma ji an samo maganin warkewa baki ɗaya a Amurka. Daga wani uba a Kano.

AMSA: Malam, Allah ya ba ta lafiya. Awon da aka yi mata na'ura ce ake ɗorawa a gefen kai, gaban kunne, tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan jijiya ta fara tsukewa jini yana gudu da sauri, kamar ruwan tiyo da aka danne bakinsa da yatsa. Gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaro ya shiga haɗari, kuma in ba a yi komai ba kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan yara yana samun shanyewar jiki a kowace shekara. Ya kamata duk yaro mai sikila ya yi wannan awon sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16.

A ƙasashen Turai da Amurka ƙarin jini ake yi wa irin wannan yaro kowane wata. A nan jinin ba ya wadata, kuɗin ma ba kowa ke iya ɗauka ba. Wannan ya sa aka yi binciken SPRING a garinku, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, da kuma Asibitin Barau Dikko na Kaduna, a kan yara 220 masu shekara 5 zuwa 12. An ba rabinsu hydroxyurea miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsu kullum, rabi kuma miligiram 20. A duka ɓangarorin shanyewar jiki ta tsaya ƙasa da yara biyu cikin ɗari a shekara, masu shan miligiram 20 kuma sun fi ƙarancin kwanciya asibiti.

Mai kemis bai yi ƙarya ba, ana ba masu wasu nau'o'in kansar jini wannan magani. A sikila aikinsa daban ne: yana sa jiki ya koma yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Illar da ake tsaro ita ce ya rage ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta fiye da kima, shi ya sa ake gwajin jini a kai a kai, musamman watannin farko. Farce kan yi duhu, wannan ba abin tsoro ba ne. Ana lissafa shi da nauyi, yarinya mai kilo 20 a kan miligiram 20 za ta sha 400 a rana, don haka duk zuwa asibiti a ɗora ta a sikeli, yaro yana girma magani yana yi masa kaɗan. Amfaninsa ba ya bayyana sai bayan wata uku zuwa shida, kuma a nan ne iyaye da yawa ke karaya su ajiye shi. Don Allah kada ku ajiye. Zazzaɓi ya kama ta, a kai ta asibiti a ranar. Baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya wuce, a tafi nan take.

Maganar warkewa gaskiya ce. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon majiyyaci a gyara musu ƙwayar halitta a mayar. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, sai an fara kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi wanda kan hana haihuwa, kuma an fara shi ne da masu shekara 12 zuwa sama. Abin da zai kare ƙwaƙwalwar ɗiyarka a bana shi ne ƙwayar da ke hannunka.

TAMBAYA: An yi wa jaririna rigakafin zazzaɓin cizon sauro sau biyu, amma ya yi zazzaɓin da damina. Rigakafin bai yi aiki ba ke nan? Daga wata uwa a Birnin Kebbi.

AMSA: Hajiya, allurar ba ta cika ba tukuna. Allurar rigakafin mai suna R21 da aka fara a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024 sau huɗu ake yin ta: wata 5, wata 6, wata 7, sai ta ƙarfafawa a wata 15. A gwajin da aka yi wa yara 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya, ta rage zazzaɓin da kusan kashi 75 cikin 100 a shekarar farko a yankunan da cutar ke zuwa da damina, kuma wannan lissafin bayan allura uku ne. Ko ta cika, ragewa take yi, ba ta hanawa ɗungurungum. Ki ƙarasa sauran biyun, ki ci gaba da gidan sauro, ki kuma karɓi ƙwayoyin da ake rabawa gida-gida kowane wata da damina, ki ba shi har kwana ukun. Binciken Mali da Burkina Faso na 2021, da aka yi da ɗaya rigakafin mai suna RTS,S, ya nuna haɗa allura da waɗannan ƙwayoyi ya rage kwanciya asibiti saboda zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 70 cikin 100 a kan yin ɗaya kaɗai.

TAMBAYA: Ina da hawan jini, ina shan lisinopril shi kaɗai amma jinin bai sauka ba. An ce akwai wani gishiri na masu hawan jini. Kanwa za ta iya maye gurbinsa? Daga wani dattijo a Zariya.

AMSA: Baba, mu fara da maganin. Irin su lisinopril, idan su kaɗai ne, ba su cika saukar da jinin baƙar fata sosai ba. Binciken CREOLE na 2019, wanda Dokta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, ya gwada haɗi uku na magunguna bibbiyu, ya samu haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jini. Ka koma wurin likitanka da wannan maganar, kada ka sauya da kanka. Amlodipine kan kumbura idon sawu, lisinopril kuma kan kawo busasshen tari.

Gishirin da ka ji, kashi 75 gishirin da muka sani ne, kashi 25 kuma sinadarin fotasiyam. An gwada shi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin a kan mutum kusan 21,000 na tsawon shekara biyar, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Sai dai kai ba za ka fara shi ba sai an gwada ƙodarka, domin lisinopril yana riƙe fotasiyam a jiki, mai ciwon ƙoda kuma ba ya iya fitar da shi, in ya taru yana rikita bugun zuciya.

Kanwa kam a'a. Sinadarin da ya fi yawa a cikinta sodiyam ne, wato ainihin abin da ake gudu a gishiri. A nan Zariya tun shekarun 1970 likitoci suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Iyakar gishirin yini ƙasa da giram 5 ne, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya, yajin tsire da kilishi duk suna cikin lissafin.

TAMBAYA: An zo ƙauyenmu ana ɗura wa yara azithromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali lafiyarsu ƙalau. Tun da yana da amfani, in saya in riƙa ba nawa duk wata? Daga wani magidanci a yankin Doso.

AMSA: Kada ka saya, Malam. Abin da aka gwada shi ne ɗuri ɗaya, miligiram 20 a kowane kilo, sau biyu a shekara, ga dukan yaran gari a lokaci guda. Binciken MORDOR na 2018 ya samu mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a Nijar. Binciken AVENIR, wanda aka yi a Doso da Tawa aka bayyana a 2024, ya samu ragin kashi 14 idan an ba duk yara daga wata 1 zuwa wata 59, amma da aka taƙaita shi ga 'yan ƙasa da shekara ɗaya ragin bai taka kara ya karya ba. Wannan yana nuna wani ɓangare na kariyar yana zuwa ne daga rage yawon ƙwayoyin cutar gudawa da na ciwon huhu a tsakanin yaran garin gaba ɗaya, abin da gida ɗaya ba zai samu shi kaɗai ba. Masu binciken sun kuma ga ƙwayoyin cuta sun fara jure wa maganin a garuruwan da aka raba shi. Ba shi duk wata zai gaggauta wannan, har ranar da yaron zai kamu da ciwon huhu na gaske a ba shi maganin ya ƙi ci. Idan masu rabon sun dawo bayan wata shida, ka fito da yaranka duka, a auna kowannensu kafin a ɗura masa.