Motar raba kaya da ake so ta zama ɗakin kwana

Wani ɗan kasuwa mazaunin Landan, mai raba wa kantuna shinkafa da manja da garin rogo, ya aiko yana cewa yana son sayen rufaffiyar motar ɗaukar kaya da zai riƙa aiki da ita daga Litinin zuwa Juma'a, sannan ya sa mata gado da wurin ɗaure kekuna don ya riƙa fita kwanan daji da hawan keke a tsaunukan Wales. Tambayarsa ita ce ko ya dace jarin kasuwa ya ɗauki nauyin duka biyun.

Malam, shawarata ita ce jari ya sayi motar, aljihunka kuma ya biya gyaran, domin motar ce take kawo kuɗi, gado da murhu kuwa ci kawai suke yi. Haka ma hukumar haraji za ta dubi lamarin. Idan kana da rajistar VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, kana iya neman a mayar maka da kashi 20 cikin ɗari da ka biya a kan motar aiki, amma sai an cire rabon amfanin da kake yi da ita don kanka, kuma kuɗin katifa ba ya shiga lissafin kasuwanci. Ka zauna da akantanka kafin ka biya ko sisi.

Wajen zaɓen mota, kada arahar tsohuwar mai shan dizal ta ruɗe ka. Tun watan Agusta na 2023 dokar ULEZ, mai rage hayaƙin motoci, ta game dukkan unguwannin Landan, kuma motar dizal da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta hau titi. Kwana biyar a mako har mako hamsin ya kama fam 3,125, wato rangwamen da kake murna da shi zai narke cikin shekara ɗaya ko biyu. Galibin waɗanda aka fara sayarwa daga Satumban 2016 sun cika sharaɗin. Ford Transit ba ta wahalar kayan gyara, Fiat Ducato kuwa ta fi faɗin ciki, har mutum matsakaicin tsayi ya kwanta a gicciye, ya bar wa kekuna sarari.

Inda na fi so ka natsu shi ne nauyi. Lasisin tuƙi na yau da kullum iyakarsa kilo 3,500, da motar da direba da duk abin da ke cikinta. Kowane falankin katako, da batir, da tukunyar gas, daga rabon kayan sayarwa ake ɗebe shi. Tankin ruwa mai lita 50 kaɗai ya cinye gurbin buhu biyu na shinkafa masu kilo 25. Idan kafaffen gyara ya kai kilo 300, ka rasa buhu goma sha biyu a kowane sawu, sai ƙarin zirga-zirga da ƙarin mai. Saboda haka ka sa kafinta ya yi maka gado mai naɗewa da akwatunan da mutum biyu za su iya saukewa daren Lahadi, ƙarfen ɗaure kekuna kuma ya zama mai kuncewa. Ban da haka, ba na jin kana son warin manjan da ya zube ya kama katifarka.

Inshora kuma ba wurin ɓoye-ɓoye ba ce. Ka sanar da kamfanin cewa motar ta aiki ce kuma ta yawo, ka lissafa musu duk canjin da ka yi, domin in hatsari ya auku suka tarar da gas ɗin da ba su san da shi ba, suna iya ƙin biya. In za ka dafa abinci a ciki, sai da na'urar gargaɗin iskar gas mai guba.

Kafin ka yanka jikin motar don sa taga, ka fita sau uku ko huɗu da katifa da ƙaramin risho kawai, ɗaya daga ciki a watan Nuwamba, ka ga ko sha'awar za ta jure ruwan sama da sanyin Wales.