Amsa ga ƙanena kan kwamfutar da ke sandarewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, na saurari muryar da ka ajiye jiya da dare, sai yanzu na samu na zauna. Bari in maimaita abin da na ji, in na kuskure ka gyara mini. Kwamfutar tebur ce, Windows 11, ram (wurin da take riƙe aikin da take kai na ɗan lokaci) guda 2 kowanne giga 8. Tana cikin aiki lafiya lau sai ta tsaya cak, wata rana sau biyu, wani lokacin ta kwana uku ba ta yi ba, kuma sai ka danne maɓallin kunnawa ta mutu sannan ka sake tayar da ita. Na ga wasu sun ce ka yi mata fomatin, wato ka goge komai ka sake ɗora Windows. Don Allah dakata da fomatin ɗin nan tukuna. Ba raina shawararsu nake yi ba, amma in ciwon a jikin ƙarfen yake, wato kayan cikin kwamfutar ba manhaja ba, ko sau goma ka yi za ta koma gidan jiya, ga shi kuma ka share sawun ɓarawon da muke bi.

Kafin komai, yau ɗin nan, ka kwashe duk fayil ɗin da ka san in ya ɓata za ka yi kuka, ka zuba a filashi ko wani faifai na waje. In faifan ajiyarta ne ke mutuwa, ba ya sallama.

To, sandarewa ba iri ɗaya ba ce, ka gane? In ta sake yi, kada hannunka ya yi saurin zuwa maɓallin kunnawa. Fara danna Caps Lock ka kalli 'yar fitilar da ke jikin kibod. In tana kunnuwa tana mutuwa, kwamfutar na da rai, wani abu ne ya shaƙe ta. In fitilar ta ƙi motsi, an tsaya tun daga tushe. Sannan ka motsa maus. Akwai wadda kibiyar ke yawo amma duk abin da ka danna shiru, bayan minti ɗaya ko biyu komai ya buɗe a lokaci guda kamar an ɓalle dam. Wannan yawanci faifai ake jira, kuma za ka ga fitilar faifan da ke gaban akwatin ta tsaya a kunne ba ta ƙiftawa. Ka kuma kasa kunne. In kana sauraron wani abu allon ya daskare amma sauti na ci gaba, hankalina zai tafi kan katin hoto da direbansa, wato manhajar da ke sa Windows ya yi aiki da katin. A nan ka haɗa maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B ka danna tare. In ka ji 'yar ƙara, allon ya ƙifta ya dawo, to mun kama bakin zaren. In kuwa sautin ya maƙale yana "drrrr" wuri ɗaya, babu abin da ke amsawa, wannan ita ce mai wuyar, kuma daga bayaninka ita nake zargi.

Ka ajiye takarda da biro kusa da ita. Duk sanda ta yi, rubuta ƙarfe nawa ne, me kake yi, awa nawa ta yi a kunne. Kana cewa haka kawai take yi, amma wallahi sau da yawa in aka jera sau biyar a takarda sai ka ga kullum bayan ta farka daga barci ne, ko kullum in an saka wani abu a kafar USB.

Lokacin da ka rubuta shi zai yi mana jagora a cikin Windows. Danna Windows da R, ka rubuta perfmon /rel, zai buɗe maka jadawalin kwanaki da jajayen alamu a ranakun da aka samu matsala. Daga nan ka shiga Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abin da ya faru, sai Windows Logs, sannan System. Za ka ga wani ja mai suna Kernel-Power, lamba 41. Kowa in ya gan shi sai gabansa ya faɗi, ya ce wuta ce. A'a. Abin da yake faɗa kawai shi ne an kashe kwamfutar ba ta hanyar da ta dace ba, kuma kai ka kashe ta da hannunka. Abin da nake so ka duba shi ne mintocin da suka gabaci sandarewar. In ka ga lamba 129 ko 153 ko 7 daga ɓangaren faifai, yawanci faifan ne ko wayarsa. Lamba 4101 daga Display na nufin direban hoto ya daina amsawa an sake tayar da shi. In sunan WHEA-Logger ya fito, ƙarfen ne da kansa ke kai ƙara. In kuma ba ka ga komai ba, fayau, wannan ma magana ce: ta faɗi ne farat ɗaya ba ta samu damar rubuta ko kalma ba, kuma yawanci masu yin irin haka su ne ram, wuta da madabod, babban allon da kayan cikinta ke jone a kai.

Zafi ba zan daɗe a kansa ba. Saka manhajar HWiNFO mai nuna zafin kayan ciki, ka sa ya riƙa adana ma'auni a fayil, don in ta sandare abin da ke kan allo ya tafi. Yawancin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) na yanzu in suka kusa digiri 95 zuwa 100 rage gudu suke yi, in abin ya wuce su kashe kansu. Saboda haka zafi ya fi kawo nauyi ko mutuwa ɗif. Duk da haka cire waya daga soket, buɗe murfin, ka duba fanka na juyawa, ka hure ƙurar.

Lafiyar faifai kuma, manhajar CrystalDiskInfo za ta gaya maka a minti ɗaya. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja an gama. In faifan SATA ne, duba layin 05 da C5, su ne ke ƙirga wuraren da suka lalace da waɗanda ake shakka a kansu. In faifan mai wayar SATA ne, canza wayar ko da ya nuna shuɗi.

Yauwa, yanzu ram, inda zuciyata ta fi kwanciya. Akwai wata kwamfuta da aka taɓa kawo mini, mai ita ya yi fomatin sau uku, ya sayi sabon faifan SSD, har ya fara cewa ya haƙura da ita. Na ɗora MemTest86, manhajar gwajin ram, a filashi na tayar da ita da shi. Zagaye na farko tas, na biyu tas. Na bar ta ta kwana. Da asuba na leƙa, a zagaye na uku ga kurakurai ja sun fito, duk a kusan adireshi ɗaya. Na zare ram ɗaya na riƙe shi a hannu, ga shi fes, babu ƙuna babu tsatsa, ido ba zai taɓa ce maka yana da ciwo ba. Da aka bar ta da ɗayan, ba ta ƙara tsayawa ba. Shi ya sa nake roƙonka ka bar gwajin ya cika zagayensa 4, kada ka ga na farko ya wuce ka ce an wanke shi. Kuskure ɗaya tak ya isa hujja. Dalilin da ya sa ciwon ram ke zuwa ba tsari shi ne, lalataccen gurbin ƙarami ne ƙwarai. Yau hoto ne ya sauka a kai, ba ka ma lura ba. Gobe wani muhimmin sashe na Windows ne ya sauka a wurin, sai komai ya tsaya.

Kafin ka yanke wa ram ɗin hukunci, shiga BIOS, shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka ga ko XMP a kunne yake, a wasu allunan AMD sunansa EXPO ko DOCP. Shi ne ke tura ram ya yi gudu sama da na asali, kuma ba kowace haɗuwar furosesa da madabod ke jurewa ba. Kashe shi ka sake gwaji. In har yanzu da kuskure, gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a rami guda, sannan ka sauya rami, domin wani lokacin ramin ne mai laifi. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kama su, kuma ta gefe ake riƙewa, ban da wajen zinaren nan.

In duk waɗannan sun fita lafiya, ga alƙalin da zai raba mu da masu cewa fomatin. Ɗora Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne daban da Windows, a filashi, ka tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da ka girka shi ba, ka yi ta aiki a ciki. In ta sandare a can ma, Windows ba shi da laifi. In ta yi kwanaki garau, to sai mu dawo kan direbobi, mu cire na katin hoto da manhajar cire direba DDU a Safe Mode (yanayin da Windows ke tashi da direbobi kaɗan) mu saka sabo, kuma a nan ne maganar fomatin za ta yi ma'ana. Akwatin wuta, wanda ke raba wa kayan cikinta wuta, shi nake barin ƙarshe, don babu manhajar da za ta auna shi yadda ya kamata, sai dai ka ari wani mai kyau ka jona. Amma ƙanena, kada ka kuskura ka kwance shi ka leƙa ciki, yana riƙe wuta ko an cire waya.

Abin da ya fi damuna da kai shi ne gaggawa, na san aikinka ne ya tsaya. Amma in ka hure ƙura, ka kashe XMP, ka canza waya, ka sabunta direba duk a rana ɗaya, ta warke, ba ka san me ya warkar da ita ba, ranar da ta dawo kuma ka koma farko. Abu ɗaya za ka taɓa, ka rubuta, ka jira. Tunda takan kwana uku ba ta yi ba, kwana uku na shiru ba shaida ba ne, sai ta cika mako ko fiye.

Daren yau ka kwashe fayilolin, ka kunna MemTest86 ka je ka kwanta. Da safe ka ɗauki hoton allon da wayarka, ka haɗa da na CrystalDiskInfo da na Event Viewer daidai lokacin da ta tsaya na ƙarshe, ka turo nan gurup ɗin mu duba tare. Ka kuma faɗa mini abin da fitilar Caps Lock ta yi.