Tambaya da Amsa: Kafin ka sayi murjani mai rai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son zuba murjani mai rai a akwatin gilashin kifi na gida. Me zan bincika kafin in fitar da kuɗina? Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, fara da lissafin zafi. Murjani dabbar teku ce, ruwan digiri 25 zuwa 26 yake so. In zafin ruwan ya daɗe sama da 30, sai murjanin ya koɗe ya yi fari fat, ya mutu. A Garwa kuwa zafin Maris da Afrilu yakan haura 40. In ba ka da na'urar sanyaya ruwa da batir ko sola mai riƙe famfo idan an ɗauke wuta, ka dakata tukuna.

Gishirin miya ba ya yi. Gishirin teku na musamman ake haɗawa, kimanin giram 35 a kowace lita ta tataccen ruwa, sannan a bar akwatin ya yi sati 4 zuwa 6 har gwaji ya nuna babu amoniya, wato sinadari mai guba da ƙazanta ke haifarwa a ruwa, kafin a zuba murjanin. Ruwa ya ragu da tururi, ƙara wanda ba gishiri.

Ka nemi sunan kimiyya na abin da za a sayar maka. Acropora, wani nau'in murjani mai tauri, ba na sabon shiga ba ne. Fara da masu laushi. Amma nau'in da ake kira Palythoa na da dafi mai haɗari: sa safar hannu, kada ka tafasa dutsen da yake manne a kai. Masu tauri kuma sai da takardar izinin CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, suke tsallaka iyaka, ka ce a nuna maka ita.