Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Aka Soke Mini "Did a Big Mistake"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina shirin jarrabawar kammala sakandare. A wani insha'i na rubuta "I did a big mistake", sai malaminmu ya soke "did" da jan biro ya sa "made". Can ƙasa kuma na rubuta "we had strong rain", shi ma ya soke. Na duba ƙamus, "do" da "make" duk yi ne, "strong" kuwa ƙarfi. Wace ƙa'ida na karya? Ko dai son rai ne kawai irin na malamai?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Ba son rai ba ne, malaminku yana kan daidai. Ke ma kuma ba ki karya ƙa'idar nahawu ba, ga aikatau, ga sifa, ga suna, kowanne a mazauninsa. Abin da ya faru shi ne kin haɗa kalmomin da masu harshen ba su saba jin su tare ba.

Mu duba namu harshen tukuna. Muna cewa an ci jarrabawa, an sha wahala, an yanke shawara, an tafka kuskure. Da wani baƙo mai koyon Hausa zai ce ya sare shawara, za ki gane nufinsa sarai, amma sai kin yi murmushi. In ya tambaye ki dalilin da ya sa ake yanke shawara ba a sare ta, me za ki ce? Haka muka taso muka ji. To, Turanci ma haka yake. Masana suna kiran wannan "collocation", ni kuwa a aji nakan ce abokan tafiya. Wani masanin harshe ɗan Ingila, J. R. Firth, ya faɗa a 1957 cewa ana sanin kalma ne ta wurin waɗanda take tafiya da su.

Jimlarki ta farko tana bin wani tsari da ya cika Turanci: aikatau, sai sifa, sai suna. Aikatau ɗin galibi ɗaya ne daga cikin 'yan ƙalilan, wato "make", "take", "have", "give", "pay", "do". A irin wannan wuri ba su ɗauke da wata ma'ana mai nauyi. Wanda ya ce "pay close attention" babu kuɗin da ya biya, wanda ya ce "take a deep breath" bai ɗauki komai da hannu ba. Sunan da ke ƙarshe shi ne mai gida, shi yake zaɓar aikatau, shi yake zaɓar sifa. "Mistake" yana kiran "make", ya kuma yarda da "big", "serious" ko "terrible". Kin ga "large" da "big" duk girma ne, amma da wuya ki ji Bature ya ce "a large mistake". Ya ajiye "large" don adadi da yawan abu, kamar "a large number" da "a large amount".

Ruwan sama shi ne ya fi kayar da ɗalibai. Mu muna cewa an yi ruwa mai ƙarfi, shi ya sa hannunki ya tafi kan "strong". Su a wurinsu ruwa nauyi gare shi, "heavy rain", iska ce mai ƙarfi, "strong wind". Cunkoson motoci ma "heavy traffic" ne, asara mai yawa kuma "suffer heavy losses". Sai ki ce to shi ke nan, barci mai nauyi ai ya samu shiga. Ba kasafai ba! Wanda barcinsa ya yi nauyi an fi cewa "he fell into a deep sleep", zurfi ke nan, ko da yake mutumin da tashinsa ke da wuya ana ce masa "a heavy sleeper". Kada ki ɓata lokaci neman hikimar da ke ciki, babu ita.

Wani abin da nake so ki lura da shi: sau da yawa sifar nan aikin bayanau take yi. "She looked quickly" daidai ne, amma a bakin mai harshen "she had a quick look" ya fi saurin fitowa. Haka "they gave us a warm welcome" ya fi "they welcomed us warmly" yawa a hira. A ganina ɗalibin da ya iya wannan juyi, rubutunsa ya bar kama da fassara.

Ki kuma kula da ɗan ƙaramin "a" ɗin nan. Ana cewa "make a quick decision" domin ana iya ƙirga "decision". Amma "advice", "progress" da "attention" ba a ƙirga su, don haka "give good advice" ne, "make good progress" ne. Mai duba takarda yana ganin "a good advice" zai rage maki.

Maganin kuwa, ki daina haddace kalma ita kaɗai. In kin ci karo da sabon suna a karatu, ki rubuta shi da aikatau da sifar da kika tarar da shi tare, ukun a layi ɗaya. Akwai ƙamus na musamman don wannan, Oxford Collocations Dictionary, wanda ya fara fitowa a 2002. Sunan kike nema, sai ya jero miki sifofi da aikatau da ke binsa. Masu irin wannan aiki suna dogara ne da manyan rumbunan rubutu da magana a kwamfuta, irin su British National Corpus mai kalmomi kusan miliyan 100, inda ake ƙirga abin da mutane suke faɗa da gaske.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikacin ofis ne. An koya mana sifar Turanci kullum kafin suna take zuwa. To yaya na ga "keep the room clean"?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Abin da aka koya muku gaskiya ne a yawancin lokaci, ba kullum ba. Ka gwada waɗannan biyun: "he painted the red door" da "he painted the door red". A ta farko ƙofar dama can ja ce, ba mu ma san launin da ya shafa mata ba. A ta biyu fentin ne ya mayar da ita ja. Idan sifa ta biyo bayan karɓau, wato sunan da aikin ya faɗa a kansa, tana nuna halin da aikin ya kai abin, ko ya bar shi a ciki, ko yadda mai magana ya same shi. Aikatau da suka fi yin haka su ne "keep", "make", "find", "leave" da "consider": "leave the window open", "the news made her happy", "I found the exam difficult". A wasiƙun ofis ɗinku za ka riƙa ganin "please keep this matter confidential". In ka juya ta ka ce "keep this confidential matter", ka ce wa mutum ya adana takardar ne, ba ka ce ya kama bakinsa ba.